Ƙaramar sukuwa a kan dokin da bai gama horuwa ba

Da azumi ya kama za ka fara ganin sababbin dawaki a unguwa. An sayo su a kasuwar Maigatari ko an gangaro da su daga Nijar, 'yan shekara uku, wani ma bai cika ba, mai shi kuwa ba abin da yake hange sai ranar Hawan Daushe, a gan shi ya zaburo a Ƙofar Kudu ta gidan Sarkin Kano ya yi zamiya ƙura ta turnuƙe. Tsakani wata guda ne kacal. To, ba a fafe gora ranar tafiya. Dokin da bai daɗe da sanin nauyin mutum a bayansa ba ba zai yi jahi bana ba, in kuwa aka matsa sai ya yi, da rabon wani ya yi Sallah a hannun mai ɗori.

Tafiya iri biyu muka fi ba wa muhimmanci: ta ado a cikin jerin gwano, da sakin doki gaba ɗaya. Ta tsakiyar, wato ƙaramar sukuwa, ita ake tsallakewa, alhali a cikinta ne doki yake koyon gudu da mutum a kai hankalinsa na jikinsa, shi ma mahayi yake koyon zama.

Ka kasa kunne ga kofato a ƙasa mai ɗan tauri, za ka bambance su ko ido a rufe. Tafiya bugu huɗu ce, kilomita 6 ko 7 a awa. Sassarfa bugu biyu ce, ƙafar gaba ta dama da ta baya ta hagu suna sauka tare, sannan sauran biyun, wajen kilomita 13 a awa. Ƙaramar sukuwa bugu uku ce sai ɗan shiru, lokacin da ƙafafun huɗu duk suke sama, gudunta kuma daga kilomita 16 zuwa kamar 27. Ita cikakkiyar sukuwa komawa take bugu huɗu, tana kuma wuce kilomita 40. Bugu ukun nan muke nema, a natse.

Kafin ka sa ƙafa a likkafa

Fara buɗe bakinsa. Dillali zai ce maka shekara huɗu, haƙori kuwa ba ya karɓar la'ada. Haƙoran gaba na tsakiya suna sakewa a shekara 2 da rabi, na kusa da su a 3 da rabi, na gefe a 4 da rabi, a shekara 5 baki ya cika. In ka ga na tsakiya kaɗai ne manya, sauran ƙanana ne farare na nono, dokinka ɗan wajen shekara 3 ne. Ana iya hawansa sama-sama, amma ƙashin bayansa bai gama ƙwari ba, sai ya kai shekara 5 zuwa 6. Kuma lokacin famfara bakinsa ciwo yake yi, in ka ga yana kaɗa kai da linzami kada ka yi saurin cewa gardama ce.

Sai kai kanka. Cikin ku biyu dole ɗaya ya riga ya san abin da ake yi. In kai ba ka taɓa zama daram a ƙaramar sukuwa ba, shi ma bai taɓa yin ta da mutum a baya ba, to ku rabu tukuna. Ari tsohon doki mai sanyin hali, irin wanda ya sha hawan Sallah har bindiga ba ta ɗaga masa kunne, ka yi ta yi a kansa har sai ka iya riƙe linzami sako-sako da hannu ɗaya, kana magana da na gefenka, ka kuma dawo da shi sassarfa ba tare da ka ja bakinsa ba. Shi kuma sabon dokin a ba wanda ya ƙware ya buɗe masa hanya. Ba abin kunya a ciki. Manyan da kake gani a kan dawakan ado ranar hawa, akasarinsu wani ne ya hore musu.

Maganar linzami ita ce wadda muke yawan saɓawa da abokaina a kanta. Linzaminmu na gargajiya, mai zoben da ke zagaye haɓa da ƙarfen da ke dukan ganɗa, an yi shi ne don zamiya, don dokin da ya gama horuwa da hannun da ya san awo. A bakin ɗanyen doki, a hannun wanda gabansa ke faɗuwa, masifa ce. Ja ɗaya na razana ya isa ya yanka masa harshe ko ya sa shi tabarya, wato miƙewa tsaye a kan ƙafafun baya. Ni da linzami mai gaɓa a tsakiya nake farawa, mai taushi, irin wanda ake samu wajen masu kayan dawakan polo a Kaduna da Kano da Katsina. In wurin a kewaye yake kuma dokin mai jin magana ne, ragama ma da igiya a kowane gefe ta wadatar. Kaimi kuwa a cire shi a rataye. Ka kuma duba likkafarka: faffaɗar likkafar ƙarfe ta gargajiya tana da kaifin gefe, kana iya zungurarsa da ita ba ka sani ba.

Ɗaura masa tsohon bel ko igiya mai kauri a gindin wuya, sako-sako yadda hannu zai shiga. Wannan ita ce abin kamawarka in ka ji za ka goce, maimakon ka rataya a bakinsa. Geza ma tana yi, jan geza ba ya damunsa kamar jan baki.

Sirdi kada ya zauna a kan ƙashin nan da ke tsakanin kafaɗunsa, a samu sararin yatsa biyu ko uku. Majayi, wato ɗamarar da ke riƙe sirdi ta ƙarƙashin cikinsa, a ɗaure shi, a ja dokin ya ɗan taka, a sake ɗaurewa, don da yawansu suna kumbura ciki lokacin ɗaurin farko. Takalmi mai rufi da ɗan dunduniya, ban da silifa. Da hular kwano. Na san samari ba sa so, wai tana ɓata kwalliya, amma rawani ba ya tare dutse. In ba a samu ta 'yan polo ba, ta babur ta fi babu.

Wuri: fili shimfiɗaɗɗe mai ɗan yashi, wanda ka zagaya da ƙafarka ka tabbatar babu ramin gafiya ko ƙarfe a binne. Gonar da aka girbe tana da kyan gani daga nesa, amma kunyoyi da tushiyar kara suna tuntuɓe doki suna huda kofato. Yashin rafi mai zurfi yana gajiyar da jijiyar ƙafa. Kwalta kuwa kada ma a fara. In da katanga ko shinge a kewaye ya fi, don rabin tsoron mahayi yana tafiya ne da ya san dokin ba shi da inda zai nufa.

Akwai abin da ake yi tun a barga wanda ya fi duk dabarun kan sirdi tasiri. Dawakanmu yawanci maza ne da ba a fiɗiye ba, suna wuni a turke, ana ɗura musu gero da dawa da dusa. Dokin da ya kwana uku a ɗaure yana cin hatsi, ranar da ka kwance shi ba horo yake nema ba, inda zai zubar da ƙarfin yake nema. Makon da za ka fara wannan aiki rage masa hatsi, ƙara harawa da ciyawa, a kuma riƙa fita da shi kullum ko da jan hannu ne. Kada a yi aikin gudu sai an yi aƙalla awa guda da cin hatsi. Da bazara a fita bayan asuba ko can bayan la'asar. Da hunturu kuma ka sa ran zai fi rawar kai, sanyin safiya da iska suna tayar masa da tsumi.

A kan doguwar igiya

Kafin ya yi ƙaramar sukuwa da kai, ya yi ta shi kaɗai. Sami igiya mai tsawon mita 7 ko 8, ka tsaya a tsakiya ya riƙa zagaya ka, da'irar ta yi faɗi iyakar yadda igiyar ta ba da dama. Kada ka naɗe igiya a hannu, ninka ta za ka yi. A nan za ka koya masa sautuka uku waɗanda ba za ka taɓa canzawa ba. Ni ƙyasta harshe nake yi don sassarfa, sumbatar iska don ƙaramar sukuwa, doguwar "hooo" da murya ƙasa-ƙasa don sassautawa. Kai zaɓi naka, muddin kowa a gidan zai yi amfani da su iri ɗaya.

Fara babu sirdi, sannan da sirdi an ɗaure likkafu kada su riƙa dukan cikinsa. Kusan kowane sabon doki, ranar da ya fara ƙaramar sukuwa da sirdi, sai ya yi tutsu, saboda majayi yana kama shi ta wata fuska dabam da yadda ya saba ji a sassarfa. Bar shi ya yi abinsa, ka ci gaba da kora shi gaba. Gara ya zubar da tutsun nan sirdi ba kowa. Minti 15 zuwa 20 sun isa, rabi hagu rabi dama, don zagaye yana wahalar da gaɓoɓin ƙaramin doki. Sai ranar da ka ga ya ji sumba ya ɗauka ba fizga, ya ji "hooo" ya sauko da kansa, sannan za a yi maganar hawa.

Koyi sauka kafin hawa sama

Duk wanda ya ce mini yana tsoron ƙaramar sukuwa, in na bincika sai in tarar ba gudun yake tsoro ba, rashin tabbacin zai iya tsayawa ne. Saboda haka nan ne za a ɓata lokaci.

Kana tafiya, ka fitar da numfashi, ka saki nauyinka cikin sirdi kamar ka gaji, ka ce "hooo", sai daga ƙarshe ka matse yatsunka a kan igiyar linzami. Da ya tsaya, saki nan take. Sakin nan shi ne ladansa, da shi yake gane ya yi daidai. In ka ci gaba da riƙewa bayan ya tsaya, ka koya masa cewa tsayawa ba ta da amfani. Yi ta maimaitawa a jere iri ɗaya: numfashi, nauyi, murya, yatsu. Bayan 'yan kwanaki za ka ga yana tsayawa tun a murya, yatsun ba su kai ga aiki ba. Sai ka koma daga sassarfa zuwa tafiya, daga tafiya zuwa sassarfa, sau da yawa a fita ɗaya. Ka kuma koya masa lanƙwasa wuya: a tsaye, ka jawo igiya ɗaya a hankali zuwa cinyarka har hancinsa ya waiwayo, da ya sassauta ka saki, hagu da dama.

Ma'aunina shi ne wannan: in daga sassarfa zai dawo tafiya cikin taku uku ko huɗu linzami na lilo a wuyansa, ya isa a gwada. In sai an yi kokawa, bai isa ba, ko da Sallah gobe ce.

Ranar farko

Kada ka faɗa wa kowa yau ce ranar, 'yan kallo suna sa mutum yin abin da bai shirya ba. Mutum ɗaya ya isa, wanda ya san doki. Ɗumama shi da tafiya minti 10, da sassarfa hagu da dama har ka ji bayansa ya saki, ya sauke wuya, ya fara furzar da iska ta hanci.

Hanya mafi sauƙi ita ce abokin naka ya riƙe doguwar igiyar nan a tsakiya, shi zai ba da sauti, kai aikinka zama kawai, hannu ɗaya a bel ɗin wuya. Wata hanyar, ka bi bayan tsohon doki mai natsuwa, in ya ɗauka naka zai bi. Sai dai a bar tazarar tsawon doki biyu ko uku, don maza ne suna iya kai wa juna hauri, kada kuma a kuskura a sa goɗiya a gaba. In kana da wuri mai ɗan hawa, yi amfani da shi, kana fuskantar sama kuma kana nesantar gida. Hawa yana sa shi tura jiki da ƙafafun baya, yana hana shi sunkuyar da kai, kuma shi da kansa zai so sassautawa.

Ga yadda ake nema. A ce hagu kake zagayawa. Sassarfarka ta zama mai rai amma ba ta gaggawa ba. Daidai shiga kwana ka zauna cikin sirdi, ƙafarka ta hagu a kan majayi, ta dama ka ja ta baya kamar faɗin tafin hannu, ka ɗan buɗe igiyar hagu yadda za ka hango gefen idonsa, ka matsa da ƙafar dama tare da sautin sumba. Dalilin ƙafar dama shi ne, in doki zai yi ƙaramar sukuwa ta hagu, ƙafarsa ta baya ta dama ce take fara bugun farko, sai ta baya ta hagu da ta gaba ta dama su sauka tare, sannan ta gaba ta hagu ta miƙa ta rufe.

A daidai wannan lokaci hannunka ya tafi gaba. Nan ne kusan kowa yake ɓata abin. Takun farko yana zuwa da ɗan tsalle, kafaɗunsa su taso, wuyansa ya miƙe. Mai tsoro da ya ji haka sai ya ɗauke numfashi, ya duƙa gaba, ya matse gwiwa, dunduniyarsa ta tashi ta soki cikin doki, hannunsa kuma ya ƙanƙame linzami. Ka duba abin da dokin ya ji: ƙafa ta ce tafi, baki ya ce tsaya, duk a lokaci ɗaya. Gaba a rufe, baya ana kora, saura sama. Tutsu da tabaryar da ake ɗora wa doki laifinsu, da yawa daga nan suke fitowa. Shi ya sa na ce ka kama bel ɗin wuya tun kafin ka nema, hannun da ke riƙe da bel ba zai iya fizgar baki ba.

A kwanakin farko ka ɗan rage masa nauyi, ka taka likkafa ka ɗaga mazaunanka kaɗan yadda suna shafar sirdi kawai, ƙirjinka a buɗe, idonka can inda za ka, ba a kan kunnensa ba. Sirdin gargajiya mai tudu gaba da baya ba ya ba da sararin yin haka sosai, a kansa sai dai ka zauna da sauƙi ka saki ƙugu. In ka zo zama sosai, ƙugunka ne zai riƙa bin sa, baya zuwa gaba, kamar mai tura lilo da mazaunai, kafaɗunka kuwa suna nan a tsaye.

Taku shida, ko takwas. Shi ke nan. Ka fitar da numfashi, "hooo", ka dawo sassarfa, ka shafa wuyansa. Kai ne za ka yanke, tun kafin shi ya yanke ko ya fara ƙara wuta. Yi sau biyu ko uku, in ya yi kyau ka sauka ka kwance sirdi, ko da minti 20 kawai kuka yi. Gobe taku goma, jibi rabin fili. Gajeru masu yawa sun fi doguwa ɗaya, domin kowane ɗauka da saukowa darasi ne gare ku duka biyu, kai kana tara shaidar cewa in ka ce a tsaya ana tsayawa.

Wani yaro da ake kawo mini, ɗan wajen shekara 15, yana da zama mai kyau amma da an zo kwana sai fuskarsa ta ɗaure. Ya ce, "Baba, ji nake zai gudu da ni." Na ce, "To ɗana, in ya gudu ina za shi? Ga katanga ta ko'ina. Ƙirga mini takunsa da ƙarfi yadda zan ji daga nan, in ka kai shida ka dawo da shi." Ya ɗauka yana ihu, ɗaya, biyu, uku. Mai ƙirgawa da ƙarfi dole ya yi numfashi, wanda ke numfashi kuma jikinsa ba ya sandarewa. Doki a ƙaramar sukuwa numfashi ɗaya yake yi a kowane taku, in ka saurara za ka ji shi, fuu, fuu, fuu, kana iya ɗora ƙirgarka a kai.

Abin da zai ba ka tsoro alhali ba komai ba ne, da wanda yake komai ne

Ƙaramar sukuwar ɗanyen doki ba ta da daɗi. Tana da sauri, tana da faɗi, yana jingina cikin kwana kamar zai kife, wani lokaci ya ruga wani lokaci ya faɗo sassarfa ba sallama. Ba iskanci ba ne. Bai iya ɗaukar nauyinsa da naka a bugu uku ba tukuna, saurin shi ne yake hana shi faɗuwa. Mahayi da yawa a nan suke cewa doki ya ƙwace, su hau ja, su mai da abin faɗa. Dubi kunnensa. In ɗaya yana juyowa wajenka lokaci-lokaci, yana tare da kai, sauri ne kawai. Ba shi layi mai tsawo da kwana mai faɗi, da'irar da ba ta gaza mita 20 ba. Natsuwar gudun za ta zo ne daga yawan ɗauka da saukowa, da ƙarfin da cinyoyinsa za su yi cikin watanni, ba daga jan linzami ba.

In ka nema bai ɗauka ba, sai sassarfar ta yi ta ƙara sauri kana ta bubbuga a sirdi, kada ka kore shi har ya faɗa ciki. Dawo da shi sassarfa mai kyau, ka jira kwana ta gaba, ka sake nema da ƙafa mai ɗan ƙarfi, ko ka taɓa shi sau ɗaya da tsumagiya a bayan ƙafarka.

In ya ɗauka da ƙafar da ba ita ba, wato kuna zagaya hagu amma ta dama ce ke miƙawa gaba, za ka ji zaman ya murɗe. A makon farko ƙyale shi, ɗaukar ma kaɗai abin yabo ce. Daga baya sai ka riƙa dawo da shi a hankali ka sake nema a kwana. Kowane doki yana da gefen da ya fi masa sauƙi. Amma in kullum gefe ɗaya yake ƙi, ko a kan igiya ba mahayi, a nemo likitan dabbobi ya duba ƙafafun baya da gadon baya.

Tutsu: doki ba ya iya yin mai ƙarfi sai ya cusa kai tsakanin ƙafafunsa. Da ka ji kan yana nutsewa bayan yana ƙullewa, ka koma da kafaɗunka baya, dunduniya ƙasa, ka ɗaga igiya ɗaya sama, ka kora shi gaba. Tsayar da shi cak yana ba shi damar tattara ƙarfi ya sake. In ya wuce, ci gaba da aiki kamar ba a yi ba, ban da duka. Dokin da ba ya yi da, ya fara yanzu, a duba ƙarƙashin sirdi kafin a zarge shi.

Tabarya ta fi haɗari. In ya miƙe, saki linzami gaba ɗaya, ka rungumi wuyansa, da ya sauko ka juya shi ka kora gaba. Ja a wannan lokaci shi ke kifo doki a kan mahayinsa. Dokin da ya mai da tabarya ɗabi'a ba na mai koyo ba ne, a miƙa shi ga gwani.

In kuwa ya ƙwace da gaske, kunnuwa sun miƙe gaba, wuya ya sandare, murya ba ta shiga, to ja da hannu biyu ba ya aiki, ya fi ka ƙarfi, jingina ma zai yi a kan jan. Zauna, ka koma baya. In da sarari, sa shi babbar da'ira ka riƙa matse ta sannu a hankali har gudun ya mutu. Kada ka fizgo kansa gefe lokaci ɗaya yana cikin gudu, kuna iya zubewa tare. In babu wurin juyawa, dafe hannu ɗaya da igiya a kan wuyansa, ɗayan ka ja sama da baya, ka saki, ka ja, ka saki.

In ka faɗi kuma ba ka bugu a kai ba, ba inda ya karye, ka sake hawa ko da tafiya ce kawai ku yi ku tashi. In kai ya bugu, ko ka ji jiri ko amai, hawa ya ƙare ranar, asibiti za a nufa. Washegari ba dole sai ka yi ƙaramar sukuwa ba. Koma matakin da zuciyarka take kwance a kai, ko sassarfa ce, ko tsohon dokin aro, ka sake taho daga can.

Fita waje

In a cikin fili yana ɗauka hagu da dama yana saukowa da murya, sai a fita da shi tare da doki ɗaya natsattse. Abu biyu nake kiyayewa. Ba na sa shi gudu a wuri ɗaya kullum, don doki yana da riƙo, rana ta uku da kun iso wurin zai ɗauka ko ba ka nema ba. Kuma ba na gudu in mun fuskanci gida, kilomita ta ƙarshe da tafiya ake yin ta. Dokin da ya saba rugawa barga, wata rana da kai zai shige ƙofa ko da akwai yaro a bakinta.

Kilisar gari a jinkirta ta. Dawaki goma suna tsere a kan kwalta, ga babura ga adaidaita sahu ga yara suna ihu, horon wata uku yana iya rushewa a yamma ɗaya, ba a banza hukuma ta sha hana ta a titunan Kano ba. Kiɗa da algaita da ƙarar bindiga a fara jiyar da shi daga nesa yana cin harawa, a riƙa matsowa a hankali. Wani bawan Allah da na riƙe wa doki ya matsa lallai sai ya shiga hawa da shi. Na ce, "Ranka ya daɗe, in dai sai ya fita bana, to ya fita da tafiya, mutum na riƙe da ragamarsa, a can bayan ayari. Jahi kuwa a bar wa baɗi." Haka aka yi, ya sha kallo ya sha ƙara, ya dawo gida lafiya.

Bayan kowane aiki ka sassauta majayi, a yi tafiya minti 10 har numfashinsa ya kwanta. Doki a hutawa yana numfashi sau 8 zuwa 16 a minti, in an daɗe bai kusanci haka ba ka yi masa yawa. A ba shi ruwa, a wanke gumin wurin sirdi da na majayi, hatsi kuwa sai ya huce sarai. Washegari da safe kafin a ba shi abinci, bi bayan ƙafafunsa na gaba da tafin hannu daga gwiwa zuwa kofato, ka gwada ɗaya da ɗaya. Danna gadon bayansa da yatsu, ka leƙa gefen bakinsa inda linzami ke zama. In ka ji zafi ko kumburi a jijiya, ko ya lotsa baya da ka danna, ranar ba sirdi, jan hannu kawai za a yi masa, in kuma kumburin ya kwana biyu bai sauka ba a kira likita.